Gawon Damagaram: icen da ke da mai shi ba ya mutuwa

Duk wanda ya kama hanyar Zinder zuwa Matamai ko Magarya a tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan ƙasa kamar ta ci bashinta, zai ga wani abin mamaki. Gonaki sun bushe ƙurmus, an kwashe kara, ciyawa ta ƙare, amma ga itatuwan gawo nan kore shar, bila adadin, dama da hagu har iyakar ganin ido. A ƙarƙashin kowanne sai ka tarar da tumaki da awaki sun yi cincirindo suna jiran iska ta kaɗo musu ƴaƴa. Dattawan wannan yanki kuwa suna ba da labarin wani zamani, ba da nisa ba, da mutum kan tsaya bakin garinsu ya hango rumbunan garin da ke gaba, babu abin da ya tare masa ido. To, yaya aka yi ƙasar da ta kusa zama fako ta sake yin riga? Wa ya shuka waɗannan itatuwa, kuma da kuɗin wa? Amsar tana ƙunshe da darasi ga manomi, da uwargida a birni, da kuma duk mai niyyar ba da wani abu nasa domin gyaran ƙasa.

Dokar Sarki Tanimu

Mutanen Damagaram ba yau suka san darajar gawo ba. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya gina ganuwar Birni, ya ƙera bindigogin igwa, ya mayar da Zinder babbar mahaɗar fatake tsakanin Kano da Barno da Tarabulus, har ya rasu a shekara ta 1884, an san shi da wata doka mai tsanani a kan wannan ice. Labarin da aka gada daga bakin magabata, wanda kuma masana itatuwa suka rubuta daga baya, yana cewa wanda ya sare gawo a bakin ransa, wanda ya illata shi ba da dalili ba a bakin hannunsa. Ba mu kawo wannan don yabon takobi ba. Mun kawo shi ne don mai karatu ya gane cewa sarkin da ke ciyar da dubban dawaki da mayaƙa ya san inda hatsinsa da abincin dabbobinsa ke fitowa.

Gawo ice ne mai halin kansa. Sa'ad da damina ta sauka, sauran itatuwa suna toho, shi kuwa sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, har ma akan yi masa tsiya da cewa ya ƙi ruwan Allah. Amma a wannan ƙin nasa ne alherin yake. Ganyen da ya zubar yakan ruɓe daidai lokacin shuka ya zama taki, kuma da yake babu ganye a kansa, hatsin da ke gindinsa yana samun rana yadda yake so. Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ta nemo ruwa, ba ta yin kishi da saiwar hatsi, tana kuma tara wa ƙasa sinadarin nan da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun takin zamani. Da rani kuma, lokacin da ba a samun ko ɗanyen ganye ɗaya, sai ya yi lif, ya ba da inuwa, ya zubo ƴaƴa. Dabbobin da suka taru a inuwarsa su bar masa kashinsu. Shi ya sa kowane manomi ya sani cewa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili girma da nauyi.

Ranar da ice ya zama na hukuma

Faransawa sun kama Zinder a shekara ta 1899. A ranar 4 ga watan Yuli na 1935 suka kafa dokar daji ta dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinsu, wadda ta sanya dazuzzuka da wasu muhimman itatuwa a hannun hukuma. Bayan samun mulkin kai, dokar daji ta ranar 4 ga Maris 1974 ta bi wannan sawu, kuma gawo yana cikin itatuwan da aka hana taɓawa sai da izini. Niyyar mai kyau ce, amma abin da ya biyo baya dabam ne. Manomi ya wayi gari icen da ke tsakiyar gonar ubansa ba nasa ba ne. In ya sassabe reshe, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararsa. In kuwa wani ya zo da takardar izini daga birni, sai ya sare icen a gabansa, ba shi da ta cewa. Mai hankali kuwa ba ya renon ɗan da zai jawo masa sammaci. Saboda haka da yawa suka gwammace su tumɓuke ɗan tsiro tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya kai kansa.

A kan wannan aka ƙara da zamanin gujiya, lokacin da malaman gona ke koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, babu kututture, domin garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Jama'a ta ƙaru, saura ta ragu, aka ci daji. Sai ga farin 1973 da 1974, sannan na 1984, yunwar da mutane suka raɗa wa suna El Buhari. Wanda ba shi da hatsi sai ya ɗauki gatari, domin ice ne kaɗai abin sayarwar da ya rage. Iska ta samu hanya, ta riƙa binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu, sau uku, kafin ɗaya ta kama.

Kyautar dashe da abin da ya same ta

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Tun daga 1975, a zamanin Seyni Kountché, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a duk faɗin Nijar. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da gurgusowar hamada, inda aka ɗauki alkawarin da ake kira alkawarin Maraɗi. Ƙasashen waje da ƙungiyoyin agaji suka zubo kuɗi, aka buɗe wuraren renon dashe, aka raba dogon yaro da turare, aka kafa gandun ƙauye. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka sun bar abin a zo a gani, inuwar dogon yaro da ke titunan biranenmu shaida ce. Amma mafi yawan dashen da aka kai karkara bai ga damina ta biyu ba. Gandun kowa da kowa ne, watau ba na kowa ba. Babu mai ba shi ruwa, babu mai korar akuya.

Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda a lokacin yake aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka sha wannan takaici. A shekara ta 1983 ya lura cewa ƴan kumbura-kumburan da ke cike da gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace shekara, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan lafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ba dashe ake bukata ba, a bar wanda ke nan ya tashi. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, a ƙauyuka kusan ɗari, aka reni itatuwa wajen dubu 500. Ga inda darasin yake: da aka daina rabon abinci, sai aka sare kimanin kashi biyu cikin uku na waɗannan itatuwa. Wanda ya reni ice don buhun dawa, ranar da buhu ya ƙare ya gama da icen. Amma kashi ɗayan da ya rage, na mutanen da suka ga amfanin abin da idonsu, shi ne ya zama iri. Daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, dabarar ta bazu da sunan sassabin zamani. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso da ya farfaɗo da fako da ramukan zai.

Magarya, Matamai, Mirya

A kudancin Damagaram kuwa, abin ya fi haka ban sha'awa, domin mafi yawansa ya faru ne ba tare da wani babban shiri na waje ya tsaya a kansa ba. A shekara ta 2006, masana uku, Mahamane Larwanou da Mahamane Abdoulaye da Chris Reij, suka zagaya gundumomin Magarya da Matamai da Mirya, suka kiyasta cewa gonakin da manoma suka mayar wa itatuwa a wannan yanki sun kai hekta miliyan 1, gawo ne kuma ya fi yawa. Wani masani ɗan Amurka, Gray Tappan, ya gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na tauraron ɗan adam na shekarun 2000, ya tarar cewa wuraren da jama'a ta fi yawa su ne suka fi samun ƙarin itatuwa. Kiyasin da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa a jahohin Maraɗi da Damagaram abin ya shafi hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan dubu 500 a kowace shekara. Wani bincike na malaman jami'ar Yamai ya nuna cewa gundumar Kance, duk da cunkoson jama'arta, ta samu rarar hatsi har a shekarar fari ta 2011.

Me ya kawo haka? Da farko dai, matsi. Inda gona ta ƙanƙance, babu saura, takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka, musamman bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, manomi ba shi da wani mai gyara masa ƙasa sai gawo. Na biyu, tsoro ya ragu. Daga ƙarshen shekarun 1980, da kuma bayan babban taron ƙasa na 1991, mutane suka fara ɗaukar icen gonarsu a matsayin nasu. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 da sabuwar dokar daji ta ranar 8 ga Yuni 2004 suka sassauta al'amarin, sannan a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassabin zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan icen da ya rena. Abin da takobin Tanimu ya tsare, abin da tarar gandun daji ta kasa tsarewa, mallaka ta dawo da shi.

Aikin kansa ba ya bukatar komai sai wuƙa mai kaifi ko ƙaramin gatari, da haƙuri. Lokacin sassabe, manomi yakan duba kututturen sabara ko kalgo ko geza ko magarya, ya zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran, ya rage ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa wajen rabin tsawo. Yana yankan ne daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Shi kuwa gawo, sau da yawa a cikin taki yake zuwa, domin ƙwayarsa ta fi tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Abin da ake bukata shi ne idon mai noma: ya kauce wa ɗan tsiron da hauya, ya kafa masa sanda ko ya ɗaura masa tsumma don a san da mai shi, ya kewaye shi da ƙaya shekaru biyu ko uku har ya fi ƙarfin bakin akuya. A wajen Mirya, inda kuka ta yi suna, ice dukiya ce sosai: ana gadonsa, ana sayar da ganyensa tun yana sama, mata kuma su ne ƙashin bayan wannan ciniki.

Rabon mutanen birni

Kada mazaunin Birni ko Zango ko Sabon Gari ya ce wannan zancen ƙauye ne. Kowace safiya amalanke da jakuna da motoci suna shigowa Zinder da itacen girki da buhunan gawayi, kuma kowane ɗauri daga wani wuri aka saro shi. Mafi yawan gidajenmu har yanzu da ice suke dafa tuwo. A ranar layya kaɗai, in aka jera raguna a kan tsinke aka kewaye wuta, itacen da unguwa ɗaya ke cinyewa ya isa girkin makonni. Babu mai cewa a daina tuwo ko a daina layya. Amma maƙwabta huɗu ko biyar suna iya haɗa ragunansu a wuta ɗaya, kamar yadda wasu unguwanni suka saba, maimakon kowane gida ya hura tasa.

Murhun duwatsu uku yana barin yawancin zafi ya bi iska. Murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi da na laka da ake kira Albarka, waɗanda aka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980, suna tattara wutar a gindin tukunya, kuma maƙeranmu da maginanmu sun iya yin su. Rufe tukunya, jiƙa wake tun dare, busar da ice kafin a hura, kashe bakin wuta in an sauke girki, duka ƙananan abubuwa ne da uwargida ta fi kowa sani, amma in an tara su a shekara, ice guda ne ya tsira. Tun da matatar mai ta Soraz ta fara aiki a arewacin Zinder a 2011, gas ɗin girki daga ƙasarmu yake fitowa. Abin da ke hana gidaje da yawa shi ne kuɗin tukunyar farko. Ga ƙofar alheri ga mai hali: wanda zai yi wa amarya gudummawa, ko zai taimaki gwauruwa mai marayu, tukunyar gas ta kilo 6 ko murhu mai kyau ya fi wani tarkacen da za a jibge a ɗaki.

Sai kuma leda. Dokar ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da baƙar leda marar kauri, amma wanda ya ratsa kasuwar Dole da yamma, ko ya dubi ƙayoyin bayan gari da suka yi furen leda, ya san inda dokar ta tsaya. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin akuya. Leda tana toshe magudanar ruwa, tana hana ruwa shiga ƙasa, tana bin takin bola har gona. Kakanninmu da kwando da ƙwarya da jakar kaba suke zuwa kasuwa, kuma masu saƙa su suna nan da ransu, suna neman mai saye.

Kyauta mai sanin ya kamata

A shekara ta 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Dakar zuwa Jibuti, tsawon kilomita wajen 8,000, kuma a watan Janairu na 2021, a birnin Paris, masu ba da tallafi suka yi alkawarin sama da dalar Amurka biliyan 14. Tun ba a je ko'ina ba masu shirin suka gane cewa jera dashe a bakin hamada ba zai kai su ba, suka juyo suna koyi da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi. In manyan duniya sun koyi wannan darasi, ya kamata mu ma da ke zaune a gindin gawon mu koya.

Mun sha gani da idonmu: a yi taro ranar 3 ga Agusta, a zo da makaɗa, babban baƙo ya durƙusa ya dasa ice, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata biyu ka koma wurin, sai rami da sandar da aka kafa. Malamai suna karantar da mu cewa dashen ice yana cikin sadakar da ladanta ke gudana muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na amfana da shi. To, ai sharaɗin a bayyane yake, sai icen ya rayu. Saboda haka duk mai son ba da irin wannan sadaka, attajiri ne ko ƙungiya ko ɗan ƙasa da ke aiko kuɗi daga waje, ya kamata ya tambayi kansa abu uku kafin ya buɗe aljihu. Na wa ne icen in ya girma? Wa zai ba shi ruwa daga watan Oktoba zuwa Yuni, a garin da mata ke kwana a layin famfo? Mutanen wurin su suka roƙi wannan iri, ko kuwa shi ne aka samu da araha? Dashe goma da shinge da mai kula sun fi dubu da aka watsar. Ruwan alwala da ke malala a ƙofar masallaci ya isa ya rayar da ice biyu ko uku in an yi masa ƴar hanya. A lakwal, in kowane aji yana da icensa da sunansa, yara ba za su bari ya mutu ba.

A karkara kuma, taimakon da ya fi amfani sau da yawa ba ya da tsada: kuɗin motar da za ta kai manoman wani gari su ga gonakin wani, ko goyon bayan kwamitin tsaron itatuwa irin wanda mutanen Ɗan Saga ta gundumar Agye suka kafa, maza da mata da makiyaya a ciki, suka sa dokokinsu da tararsu. Akwai kuma sadakar da manomi kansa ke yi ba tare da ya kira ta da wannan suna ba, in ya bar matar da ba ta da gona ta tsinci ƴaƴan gawo ko ta kwashi rassan da ya sassabe, ko ya yi yarjejeniya da Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani, dabba ta ci ƴaƴa, gona ta samu taki.

Abin da ke gabanmu

Kada mu ruɗi kanmu cewa an gama. Ɓarayin ice suna bin dare, su sare abin da mutum ya yi shekara goma yana reno, kuma manomin da aka yi wa haka sau biyu da wuya ya sake barin tsiro. Ana yi wa gawo aski fiye da kima a shekarun da ciyawa ta yi ƙaranci, har ya kasa yin ƴaƴa. Gonaki suna ta rarrabuwa wajen gado, birane suna cin filayen da ke kewaye da su, kasuwar gawayi kuma ba ta ƙoshi. Dokar 2020 tana kan takarda, amma sai ta isa kunnen mai gona da na ma'aikacin daji da na mai gari, cikin harshen da suke ji, kafin ta zama garkuwa. Wannan aiki ne na gidajen rediyo, da sarakuna, da limamai, da mu ƴan jarida.

Manoman Magarya da Matamai da Mirya ba su jira kowa ba. Da wuƙa da tsumma da ƙaya suka yi abin da miliyoyin kuɗi suka kasa. Abin da suke nema a wurinmu shi ne kada murhunmu ya cinye wahalarsu, kada ledarmu ta kashe musu dabba, in kuma za mu ba su wani abu, mu fara tambayarsu. Damina tana tafe. Mai gona ya duba gindin haukarsa kafin ya sare, mai niyyar dashe kuma ya tanadi shinge tun kafin ya haƙa rami. Allah ya ba mu damina mai albarka.